Watan da Ban Gani Ba

Ni mutumin tudu ne. Har na kai shekara ashirin da bakwai ban taɓa ganin ruwan da ya fi na dam ɗin Tiga faɗi ba. Da a lokacin wani ya ce min wata rana zuciyata za ta maƙale a jikin wata tsohuwar hasumiya a bakin teku, da na ce masa ya je a duba shi. Amma haka aka yi. Hasumiyar tana gabar yamma, a ƙasar Wales, tafiyar awa biyu da rabi daga gidana a unguwar Whalley Range ta Manchester idan hanya ta yi kyau. Fara ce sol, an gina ta a kan wani ɗan tsibirin dutse. A samanta akwai fitila mai juyawa, ta fi shekara ɗari biyu tana nuna wa jiragen ruwa inda duwatsu suke don kada su afka musu.

Ba yawon buɗe ido ne ya fara kai ni can ba, neman wata ne. A Ingila kusan kowane masallaci da ranar Sallarsa. Wannan ya bi Saudiyya, wancan ya bi Maroko, wani kuma ya bi lissafi. Mu Hausawan Manchester da Birmingham tsirarun iyalai ne, duk mun san juna, kuma mun gaji da ganin mace tana cin tuwon Sallah a nan alhali ƙanwarta tana can tana azumi. Sai limaminmu, wani dattijo Bazazzagi da ke zaune a unguwar Lozells ta Birmingham, ya yanke magana. Ya ce a koma yadda muka taso. Ranar ashirin da tara ga Ramadan mutum biyu amintattu su je su duba. Idan su biyun sun ga wata, gobe Sallah. Idan ba su gani ba, a cika talatin. Shaidar mutum ɗaya ba ta isa. Tunda a cikin gari ba ka ganin komai sai rufin gidaje da hasken titi, aka ce a je bakin teku inda yamma take a buɗe.

Mutum biyun da aka zaɓa su ne ni da aminina, wanda kowa ke kira Likita. Ni kuma Injiniya ake ce min, don aikin lantarki nake yi. Da ni da shi mun raba ɗaki ɗaya a Ardwick, nan cikin Manchester, muna ɗalibai, tukunya ɗaya, bargo biyu, da wata hita da sai an mare ta take kamawa. Shi ya yi wa 'yata ta fari huɗuba. Daga baya aiki ya kai shi Birmingham, amma mako ba ya wucewa ba mu yi waya ba. Mutum ne mai daɗin baki, wanda zai gaya maka ciwonka ka fita kana godiya. Ni kuwa bakina ba shi da linzami. Na san an zaɓe shi ne don ana son sa, ni kuma don ana tsoron bakina. Liman da kansa ya faɗa a gaban mutane, ya ce Injiniya ko mahaifiyarsa ce ta ce ta ga wata, sai ya tambaye ta ta wace kusurwa.

Shekarar farko mun yi sammako da yawa, muka isa tun rana tana sama. Don rashin abin yi muka gangara matakalar dutsen nan mai tsawo har gindin hasumiyar, da azumi a bakinmu, ba mu tuna cewa duk wanda ya gangara sai ya hau ba. A can muka tarar da wani tsohon Bature mai zagayawa da baƙi. Mahaifinsa yana cikin masu tsaron fitilar kafin a mayar da ita mai sarrafa kanta. Ya hau da mu har sama, ya nuna mana gilashin da ke kewaye da fitilar, wanda ya fi ni tsayi. Ya ce kowace hasumiya a gabar nan da irin ƙiftawarta. Wannan sau ɗaya take walƙawa duk sakan goma. Matuƙin jirgi yana cikin duhu zai ƙirga tsakanin haske da haske, ya duba taswirarsa, ya san daidai inda yake. Ya ce a zamanin mahaifinsa, idan injin juyawar ya lalace, masu tsaro da hannu suke tura gilashin, ɗaya yana riƙe da agogo, har gari ya waye.

Ni da karambanin injiniya na ce, to me zai hana a bar ta a kunne a tsaye, ai haske haske ne? Tsohon ya dube ni kamar na zagi mahaifin nasa. Ya ce fitilar da ta ba da ƙirgen da ba nata ba ta fi wadda ta mutu haɗari. Matuƙin da bai ga haske ba zai rage gudu, ya yi taka-tsantsan. Wanda aka ba hasken ƙarya kuwa da ƙarfinsa zai shiga duwatsu, don ya yarda. Likita ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Injiniya, ga ɗan'uwanka nan, shi ma bai san a bari ya huce ba." Muka yi dariya har tsohon ya tsargu.

Shekara shida muna zuwa. Likita zai taso daga Birmingham ya ajiye motarsa a ƙofar gidana, mu shiga tawa. Mai ɗakina takan cika mana fulas da kunun gyaɗa, ta ƙulla dabino a leda. Muna tsayawa ne a kan tudun da ke fuskantar hasumiyar, mu sha ruwa idan rana ta faɗi, mu yi magariba a kan ciyawa iska tana neman ɗauke mana darduma, sannan mu zuba wa yamma ido. Sau biyu kacal muka gani. Ba zan manta na farkon ba, siriri kamar yankan farce, can saman jan da rana ta bari. Likita ya riƙe kafaɗata yana kabbara, ni kuma ina cewa ya tsaya tukuna in tabbatar ba jirgin sama ba ne. Sauran shekarun muka aika cewa ba mu gani ba, mutane suka cika talatin, wasu da guna-guni, amma ba wanda ya taɓa musa mana.

A shekara ta shida, a kan tudun nan, na gaya masa abin da ban gaya wa kowa ba. An auna min ido, an ce ina da hawan jinin ido, wanda su likitoci ke kira glakoma. A lokacin gefen idon hagu kawai ya taɓa, na dama garau yake. Amma ina tsoro. Aikina na ido ne, tuƙina na ido ne, ga yara a makaranta. Ko mai ɗakina ban gaya wa ba, a banɗaki nake ɓuya in ɗiga magani. Likita ya saurara har na gama, ya dafa ni ya ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Daga ni sai kai sai tekun nan." Na ji kamar an sauke min buhu daga ka.

Shekara ta bakwai, ashirin da tara ta faɗo ranar Alhamis. Likita ne shugaban kwamitin Sallah a shekarar, kuma ɗakin taron da muke haya a Lozells ranar Juma'a kaɗai aka samu, Asabar wasu sun kama shi don biki. Muna kan hanya labari ya zo cewa Saudiyya ta sanar da Sallah gobe. Wayarsa ba ta huta ba har muka shiga inda babu sabis. Ina jin sa yana ce wa mutane, "In sha Allahu, in sha Allahu, ku dai yi mana addu'a."

Da muka isa, yamma a toshe take. Ba irin gajimaren da ke yagewa ya haɗe ba, baƙin hadari ne tun daga ruwa har tsakiyar sama. Ko faɗuwar ranar ba mu gani ba, da agogo muka sha ruwa. Muka yi salla, muka tsaya muna kallo har fitilar hasumiyar ta fara fitowa sosai. Babu abin da ke haske a yammacin nan sai ita. Likita ne ma ya fara magana. Ya ce, "Babu, Injiniya. Ko giwa aka rataya a can ba za mu gan ta ba." Ya ɗauki fulas ya ce zai riga ni zuwa mota, sanyi ya dame shi. Ni na ƙara minti goma, don kada a ce na yi gaggawa.

Ina hawowa wajen ajiye motoci, inda sabis yake dawowa, wayata ta hau ruri. Mai ɗakina ce. Muryarta cike da murna ta ce, "Alhamdu lillahi! Barka da Sallah! Ashe kun gani?" Na ce wa ya gani? Ta ce ai Likita ya aika saƙon murya a guruf ɗinmu. Na kashe, na buɗe saƙon, na kara a kunne. Muryarsa ce, a natse, irin wadda yake yi wa marasa lafiya. Ya ce, "Hadari ya ɗan yage, ni da Injiniya mun ga jinjirin wata, gobe take Sallah."

Yana zaune a mota ya kunna hita. Na buɗe ƙofar na ce, "Wane wata muka gani?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Shigo mana, sanyi."

"Na ce wane wata muka gani, ni da kai?"

"Injiniya, be reasonable. An gani a Saudiyya, watan yana nan bayan hadarin, ka sani na sani. Hall ɗin gobe kaɗai muke da shi. Mutane sun ɗauki leave, mata sun jiƙa shinkafar waina tun safe. In ce musu me?"

"Ka ce musu ba mu gani ba. Shi aka aiko mu mu faɗa. Kuma in ƙaryar za ka yi, me ya sa ka sa sunana?"

Nan ya dube ni. Ya ce, "Don in ni kaɗai ne ba za su yarda ba."

Har yau ban san ko yabo ya ɗauka ya yi min ba. Na ɗaga waya zan aika nawa saƙon, ya riƙe min hannu. Ya ce don Allah, don zaman Ardwick, kada in tozarta shi a gaban jama'a, in bar shi ya kira Liman da kansa ya gyara kafin asuba. Na ce to. Wannan "to" ɗin ita ce kuskurena, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muka kamo hanya. A madubin mota ina ganin fitilar tana walƙawa a bayanmu har muka sha kwana.

Gari ya waye bai gyara komai ba. Na kira shi sau uku bai ɗauka ba. Ni dai na yi sahur, na ɗauki azumina na talatin. Mai ɗakina da yara suka sha kwalliya, na tuƙa su zuwa Birmingham ina gaya wa kaina cewa zan same shi a can mu je wajen Liman tare. Da muka isa Lozells ɗakin ya cika, ƙamshin turare da na miyar taushe ya gauraye. Duk inda na nufa Likita yana wani gefen, yana jan kujeru, yana gwada lasifika, yana rungumar baƙi. Da aka tayar da sallar Idi na koma baya na zauna a layin masu ciwon gwiwa, ban bi ba.

Bayan huɗuba Liman ya ce shaidunmu biyu su taso a yi musu addu'a. Muka tsaya a gaba, kafaɗa da kafaɗa. Ya yabe mu, ya ce shekara bakwai muna shan sanyi don jama'a. Sannan ya ɗauki dabino daga faranti, ya ba Likita ɗaya, ya miƙo min ɗaya da hannunsa.

Na ce, "Allah gafarta Malam, azumi nake."

Lasifikar tana kusa da bakina, kowa ya ji. Liman ya ce, "Azumi ranar Idi, Injiniya?"

"Ban ga wata ba, Malam. Babu wanda ya gan shi a cikinmu. Hadari ne ya rufe yamma."

Na ɗauka Likita zai sunkuyar da kai. Na ma shirya abin da zan faɗa don in rage masa nauyi, cewa matsin jama'a ne, kuma ni ma na yi shiru da bai kamata ba. Sai na ji hannunsa a kafaɗata, daidai inda ya dafa ni bara a kan tudu.

Ya ce, "Malam, a yi wa ɗan'uwana uzuri. Ban so in faɗa ba, amma ya zama dole. Injiniya yana da glakoma, fiye da shekara guda ke nan. Ganinsa ya ragu, musamman da magariba. Watan ya fito na ɗan lokaci, na nuna masa, ya ce min to. Ban san bai gani ba. It's not his fault, wallahi ba laifinsa ba ne."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Da ya ce ƙarya nake, da na tsaya mun yi ta, kuma na san wanda za a yarda da shi. Amma ya ɗauki abin da na ba shi ajiya ya rufe min baki da shi, cikin tausayi, a gaban matata. Na ga fuskokin mutane suna sauyawa, daga firgici zuwa jin ƙai. Wani ya ce, "Ayya, Allah ya ba da lafiya." Wani ya ce, "Shi ya sa ranar nan na ɗaga masa hannu bai amsa ba." Na buɗe baki na ce idona na dama lafiyarsa ƙalau, sai na ji yadda maganar ta fito, kamar ta mara lafiyar da ke musun ciwonsa. Liman ya ce tunda an riga an yi salla, kuma an gani a wasu ƙasashe, Allah ya karɓa mana baki ɗaya. Aka shafa, aka buɗe kuloli.

Na hango mai ɗakina a tsaye a bakin labulen mata, da faranti a hannu. Bayan taro muka fito. Ta miƙo hannu ta ce in ba ta makullin mota. Mun wuce rabin hanyar Manchester kafin ta yi magana, idonta a kan titi. Ta ce, "Shekara guda kana ɗiga magani a ɓoye. Ni da nake haɗa shimfiɗa da kai ban isa in sani ba, sai a lasifika." Yaran a baya sun yi kamar barci suke. Na kai azumina har magariba, na sha ruwa ni kaɗai a kicin da wainar Sallar da ta yi sanyi.

Bayan mako biyu ya zo Whalley Range da kwalin dabino. Ya zauna a falona ya yi dogon bayani a kan haɗin kan jama'a, da yadda wani lokaci shugaba yake ɗaukar abin da ba ya so. Ya ce in ya ɓata min in yi haƙuri. Ina ta jira ya ambaci idon, ko da kalma ɗaya. Bai ambata ba. Na ba shi ruwa, na amsa gaisuwarsa, don ba a korar baƙo. Da ya tashi tafiya na tsaya a bakin ƙofa. Shekara ashirin da wani abu ina raka shi har mota, in jingina da tagar mu ƙara rabin awa muna hira. Ran nan ban taka ko matakala ɗaya ba, kuma ya gane.

Tun daga shekarar ba a sake aika kowa neman wata ba. Liman bai ce na yi gaskiya ba, bai ce na yi ƙarya ba, ya dai ce daga yanzu a bi sanarwa. Ina jin ya gane, dattijo ne. Amma ganewar da ba a faɗa ba ba ta wanke kowa. Har yanzu idan na shiga taro akwai mai kama min hannu ya nuna min kujera. Abin da ya fi ci min rai shi ne, ƙaryar da ya yi a kan idona ta zo ta zama gaskiya. Na hagun ya tafi kusan duka, na daman ma ya fara. Na ajiye tuƙi da kaina. Duk wanda ya gan ni yau da sanda zai ce ai Likita ya faɗa.

Bara, ranar ashirin da tara, na ce wa 'yata ta fari ta kai ni. Tana jami'a yanzu, tana tuƙi, Hausarta rabi da rabi. Ba wanda ya aike mu. Tsohon Baturen ba ya nan, an ce ya daina zuwa. Muka tsaya a kan tudun, muka sha ruwa da kunun uwarta. Yammar ranar a wanke take tas, irin wadda muka yi shekaru muna roƙo. Na zuba ido har ya fara hawaye. Ja nake gani, sai duhu-duhu a gefe. Abu ɗaya da ke iso min sarai shi ne fitilar hasumiyar. Na ƙirga a zuci, goma, ta walƙa. Na sake ƙirgawa, goma, ta walƙa.

Sai yarinyar ta damƙe min hannu. "Baba! There, look! Ga shi can, sama da ruwan kaɗan, siriri!"

Na bi yatsanta da kallo, ban ga komai ba. Na ce, "Kin tabbata?"

"Yes, Baba, ina ganin shi."

"Ba jirgi ba ne? Ba don kin ga ina so ba ne?"

"Baba, it's the moon."

Na ce, "Rantse."

Ta sake min hannu a hankali. Yarinyar nan ba ta taɓa yi min ƙarya ba, ko a kan alewa. Ta ce, "Wallahi, Baba."

Na ce Allahu akbar, na yi addu'ar ganin wata. Amma har muka hau mota ba watan nake tunani ba. Ina tunanin yadda na sa 'yar cikina rantsuwa ne, kuma ko da ta rantse, sai da na ji wani abu a ƙirjina yana tambaya ko akwai na biyun da ya gani.